Sunayen Masu Surutu Kaɗai Muke Rubutawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in sa baki a maganar tarbiyyar ɗalibai a ƙananan makarantun sakandare. Can nake aiki, kuma ni ne fom-masta na wani aji biyu na maza a wata makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati a nan Kano.

Duk lokacin da aka ɗora bidiyon wani malami yana zabga wa yaro bulala a Facebook ko WhatsApp, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce a kama malamin a kore shi, wasu su ce ai mu ma haka aka dake mu, ga shi mun zama mutane. A yi kwana biyu ana cacar baki, a watse. Ranar Litinin mu masu riƙe da alli mu koma aji mu tarar da yara sama da tamanin a ɗakin da tsarin ilimi na ƙasa ya ce kada a wuce 35 zuwa 40, kuma babu wanda ya gaya mana abin da za mu yi da su idan mun ajiye bulalar, ko idan mun ɗauke ta ta ƙi yin aiki. A ganina halin kirki darasi ne. Ana koyar da shi yadda ake koyar da lissafi: a nuna, a gwada, a maimaita, wanda ya iya a gaya masa ya iya. Mu kuwa mun tsallake koyarwar, mun riƙe hukuncin wanda ya faɗi.

A duba su wane ne waɗannan yaran. 'Yan shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha biyar ne, murya ta fara buɗewa, jiki ya fara yi musu yawa, abin da aboki zai ce ya fi musu abin da uba zai ce nauyi. Tun da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta biyo baya a 2004, ƙaramar sakandare ta shiga cikin shekaru tara na ilimin dole kuma kyauta. Ma'ana kowa zai zo, har yaron da a da yana gama firamare zai wuce gareji ko kasuwa. Alheri ne, amma ya sa aji ya zama taron mutanen da suka taso a gidaje iri-iri. Sannan yaron da ya saba da malaman firamare ƙalilan ya wayi gari malamai kusan goma suna shiga suna fita a kansa, kowa da tasa dokar. Wannan ya ce in za ka amsa tambaya ka miƙe tsaye, wancan ya ce wa ya ce ka tashi. Wannan ya yarda a fita fitsari, wancan ya ce sai an fita tara. Yaro ya sha duka a wajen na farko don ya zauna, ya sha a wajen na biyu don ya tashi, mu kuma mu koma ofishin malamai muna cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya.

Akwai wata al'ada da duk wanda ya yi boko a ƙasar nan ya sani. Malami zai fita, sai ya juyo daga bakin ƙofa ya ce, "Monita, rubuta mini sunayen masu surutu." Monita ya yago takarda daga tsakiyar littafinsa ya zauna yana raba ido. Wanda ya ba shi awara jiya ba ya shiga ko da ganga yake kaɗawa. Wanda suka yi faɗa a filin ƙwallo yana shiga ko tari ya yi, har a ƙara masa "sau biyu" a gaban sunansa. Kafin malam ya dawo an gama ciniki: wani ya sayi gogewar sunansa da kuɗin tara, wani da alkawarin aron biro, wani da barazanar "za mu haɗu a hanya". Malam ya dawo ya karanta, a fito da su, kamun kunne ko bulala bibbiyu. In ka tara takardun nan na zango guda za ka ga sunaye bakwai ko takwas ne suke ta maimaituwa. Dukan bai sa sun bari ba, in da ya sa da ba su dawo cikin takardar ba. Abin da ajin ya koya kuwa shi ne mai riƙe da biro ana sayensa, kuma hanyar da malam zai san sunanka ita ce ka yi laifi. Sauran saba'in da wani abu da suka yi shiru suna kwafar aiki, babu takardar da ta taɓa ɗaukar sunansu.

A ajina na juya takardar. Monita yana rubutu har yanzu, amma abin da yake rubutawa shi ne wa ya yi wani abin kirki da kuma mene ne abin: wane ya goge allo ba a sa shi ba, wane ya matsa wa wanda ba shi da wurin zama, wane ya tsinci naira ɗari biyu ya kawo. Kuma aikin yana zagayawa, kowane mako da mai riƙe da takardar, don kada wani ya mayar da ita gadon gidansu. Ranar Juma'a kafin a tashi in karanta. Makonnin farko dariya suka riƙa yi, wasu har suna goge allon da babu rubutu a kansa don a gan su. Na bar su. Wanda ya yi abin kirki don a gani ya fi mini wanda ya yi tsiya don a gani, kuma da tafiya ta yi nisa wasan kwaikwayon ya ragu, gogewar allon ta zauna.

Yabon ma yana da yadda ake yin sa. "Madalla, yaron kirki" ba ya koya wa yaro komai, don bai san wane abu ne ya jawo masa ba. Sai an kira abin da sunansa: "Na ga lokacin da ya zage ka, ka buɗe baki za ka rama, sai ka yi shiru ka zo ka faɗa mini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne." Kuma a wannan shekarun ba kowane yaro ne yake son a yabe shi a gaban abokai ba. Akwai wanda in ka yabe shi a asambuli ka jawo masa sunan ɗan gaban goshin malam, gobe sai ya yi wata ɓarnar don ya wanke kansa. Irin wannan a bakin ƙofa nake tare shi in faɗa masa a hankali in wuce, kamar ba komai.

Wani yaro cikin masu yawan fitowa a tsohuwar takardar ya yi makonni bai yi faɗa da kowa ba, har ya raba wasu. Na rubuta layi uku da Hausa a 'yar takarda na ce ya kai wa mahaifinsa. Washegari da safe sai ga uban, tela ne, da zare a jikin rigarsa, ya riƙo yaron a wuyan hannu, fuska a murtuke. Bai karanta takardar ba. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, me ya yi kuma? Ga shi nan, ku yi masa duk abin da kuka ga dama." Na karɓi takardar na karanta masa. Ya sake hannun yaron, ya ce in sake karantawa. Sannan ya ce tun da yaron ya shiga firamare ba a taɓa aiko masa da takarda daga makaranta ba sai a kan laifi ko kuɗi. Hausawa sun ce laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwuya. Mu malamai da iyaye muna da rowar yabo ƙwarai, alhali ba da kuɗi ake sayo shi ba.

Amma kafin yabo sai an koyar. Makon farko na zango, wanda a yawancin makarantu yake tafiya a shara da yankan ciyawa da jiran jadawali, shi nake kashewa a kan wannan. Dokokinmu uku ne, da yaran muka tsara su, suna manne a jikin bango: ka zo a kan lokaci da kayan aikinka, ka mutunta duk wanda ke cikin ɗakin nan, ka kula da kayan da ba naka ba. Sai mu bi kowace mu fassara ta a aikace. Yaya ake shiga aji bayan tara ba tare da an tattake ƙananan ba? Mu fita mu shigo, in ba ta yi ba mu sake. Yaya mutum tamanin za su tara littattafan aiki cikin minti biyu? Daga baya zuwa gaba, kowane layi a hannun mutum ɗaya, mu gwada. Yaya ake neman izinin fita, yaya ake aron abu a mayar, me za ka ce in ba ka yarda da amsar wani ba, yaya ake layi a bakin famfo. Wani abokin aikina ya leƙo ya ce wai na mayar da 'yan sakandare 'yan nazare. To amma shi ne yake kashe minti goma na kowane darasi yana "ku yi shiru, ku yi shiru", zango guda cur.

Ba daga Turai na fara jin wannan ba. Umar ɗan Abu Salama ya ba da labarin yana yaro a gidan Manzon Allah (SAW), hannunsa yana yawo a cikin akushi. Abin da aka ce masa shi ne ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Abu uku, a fili, kowanne abin da zai yi ne. Ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya kasance. Mu kuwa yawancin maganarmu da yara "bari" ce da "kada" da "ba ka da hankali ne", ba mu faɗi abin da muke so a yi a madadinsa ba. Su ma Amurkawa da suka gina wani tsarin koyar da ɗa'a a makarantu da suke kira PBIS a shekarun 1990, wanda malaman Jami'ar Oregon suka yi fice a kansa, ginshiƙinsa ke nan: makaranta gaba ɗaya ta yarda da dokoki uku zuwa biyar, a koyar da su a aji da fili da wurin cin abinci, duk malamai su riƙe abu ɗaya. Lissafinsu shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na yara wannan kaɗai ya ishe su, kusan kashi 15 suna buƙatar ƙarin kulawa, sauran kashi 5 sai an zauna da kowannensu shi kaɗai. Da na dubi ajina na ga bai yi nisa da haka ba.

Maganar makara ita ta fi ci mini rai. Ƙarfe takwas a rufe ƙofa, a tara 'yan latti a bakin get, durƙuso, tsallen kwaɗo, tsintar leda. Kafin a sake su darasin farko ya wuce, kuma sau da yawa lissafi ne ko Turanci. Wato yaron da ya rasa minti goma mun hukunta shi da rasa minti arba'in. Wanda ya hango taron daga nesa kuwa juyawa yake yi, ya cusa rigar makaranta a jaka, ya tafi gidan gem ko gindin wata bishiya sai an tashi ya bi ayari ya koma gida. A rajista a sa masa bai zo ba. In ka zaunar da su ka tambaya, za ka ji wanda sai ya biya allo bayan asuba, wanda sai ya cika randar gida, wanda sai ya raka ƙannensa firamare, da wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin A Daidaita Sahu ya gagari gidansu yake takowa a ƙasa daga nesa. Akwai kuma malalaci na gaske, wanda kallon ƙwallo ya hana shi barci, ban ce babu ba. Amma tsallen kwaɗo bai san bambancinsu ba. Abin da muka roƙi shugaban makarantarmu ya bari mu gwada shi ne ɗan latti ya rubuta sunansa da lokacin da ya zo a littafi, ya wuce aji, ya biya bashin lokacin da tara ko bayan an tashi. In sunan ya fito sau uku, fom-masta ya zauna da shi, in ta kama a kira gida. A cikin aji kuma layuka suna gasa: layin da ya cika kafin ƙararrawa ya samu maki a gefen allo, wanda ya fi maki ranar Juma'a shi zai fara fita tara mako mai zuwa kuma shi ke da ƙwallo. Sai ga yara suna biya wa junansu da safe suna buga ƙofa. Kuma in za a faɗi gaskiya, malamin da ya iso ƙarfe tara ya jingine babur ya karɓi bulala ya tsaya a get, darasin da ya koyar ya fi na bakinsa ƙarfi.

Na san abin da wasu za su ce: addini ya yarda da duka, ga hadisin a umarci yara da salla suna shekara bakwai, a dake su a kanta suna shekara goma. Haka ne. Amma a ƙirga abin da ke tsakanin bakwai da goma. Shekara uku ke nan ana koyarwa ana tunatarwa sau biyar a yini kafin a zo maganar hannu, kuma a kan salla. Wane malami ne a cikinmu ya yi wa yaro haƙurin mako uku a kan yadda ake shiga aji? Nana A'isha ta ce Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba, Anas kuma ya yi masa hidima shekara goma bai taɓa ce masa ko "tir" ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta a cikin Ihya'u cewa in yaro ya nuna hali mai kyau a girmama shi a yabe shi a gaban mutane, in ya yi kuskure karon farko a kau da kai kada a tona masa asiri, in ya sake a yi masa faɗa a keɓe, kuma kada a yawaita faɗan har ya zame masa ba komai ba. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ce tsanantawa ga ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara da kasala, domin tsoro zai sa ya riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Ya kuma kawo maganar Ibnu Abi Zaid, mai Risalar da muke karantawa a zaurukanmu, cewa in dukan ya zama dole kada a wuce uku. A gwada wannan da bulala goma sha biyu a kan rashin safa.

Masu cewa wannan sai makarantun masu kuɗi, su dubi Yuganda. Wata ƙungiya mai suna Raising Voices ta gwada irin wannan tsari a gundumar Luwero, a makarantun firamare 42, rabi aka yi musu rabi aka bar su yadda suke, tsawon wata 18. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna yaran da suka ce wani ma'aikacin makaranta ya dake su a makon da ya gabata kusan kashi 49 cikin ɗari ne a makarantun da aka bari, kashi 31 a waɗanda aka yi wa. Makin jarrabawa bai canza ba a wannan ɗan lokacin, bai hau ba, bai kuma faɗi ba kamar yadda masu tsoron ajiye bulala suke hasashe.

Saura 'yan tsirarun nan masu wuya, waɗanda takardar monita da gasar layi ba sa taɓa su. Da su nake amfani da ɗan kati. Yaro ya zo wurina da safe mu gaisa in ba shi, a jikinsa abu biyu kacal da muke so ya kiyaye yau, kowane malami ya sa hannu bayan darasinsa, in an tashi ya kawo mu duba tare. Minti biyu da safe, biyu da rana. Rabin amfaninsa ma ba a katin yake ba, a gaisuwar yake, domin wasu daga cikinsu babu babban da yake kiran sunansu cikin daɗin rai a duk yinin. Wanda ya shigo da wuƙa ko ƙwaya kuwa maganarsa ta wuce fom-masta. Wannan sai shugaban makaranta da iyaye da kwamitin makaranta, wani lokaci har mai unguwa. Hukunci yana nan, kuma ya kamata ya dace da laifin: wanda ya karya benci ya zo da ƙusa ya taya kafinta, wanda ya yi rubutu a bango ya wanke, wanda ya ci mutuncin wani a gaban aji ya ba shi haƙuri a gaban aji. Korar mako biyu ita nake jin tsoro, don yaron da ka kora daga aji ka san majalisar da za ta karɓe shi.

Wani abin takaici shi ne gurbin wannan aikin yana nan a takardunmu. A bayan katin sakamako akwai jerin halaye, zuwa a kan lokaci, tsafta, gaskiya, ladabi, haɗin kai, kowanne da maki ɗaya zuwa biyar. Kowa ya san yadda ake cika shi: daren jajibirin ba da hutu, malam ya gaji da tara maki, ya bi layi yana zuba uku da huɗu ba tare da ya tuna fuskar mai katin ba. Malamin ba da shawara da tsarin ilimi ya ce a samar, inda akwai shi ma an ɗora masa wani darasin ya cike gurbi.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, ana maganar gine-gine da kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk muna buƙatarsu. Yaro huɗu a bencin mutum biyu dole su yi faɗa, makarantar da babu bayan gida mai aiki dole a haura katanga, sai mu rubuta shi a matsayin rashin ɗa'a. Roƙona ga masu tsara ilimi a jihohinmu shi ne a ware makon farko na kowane zango a hukumance don koyar da halayen zaman makaranta, kowace makaranta ta zauna da malamanta da wakilan ɗalibai ta fitar da 'yan dokokinta da kowa zai riƙe iri ɗaya. Kwalejojin ilimi su sa ɗaliban NCE, masu neman takardar shaidar malanta, su gwada riƙe aji mai mutum tamanin tun kafin su fita koyarwar gwaji, domin yawancinsu ranar farko da aji ya rikice musu abin da aka yi musu suna yara shi suke tunawa. Jami'an da ke zuwa duba makarantu kuma, bayan sun duba rajista da littafin shirin darasi, su tambayi fom-masta sunayen yara biyar da suka gyaru a wannan zangon da abin da aka yi suka gyaru. Iyaye kuma su riƙa leƙo mu ko ba a aika musu ba, su nemi fom-masta su tambaye shi abin da ɗansu yake yi daidai.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani malamin ƙaramar sakandare,
Kano.